Shin kiran waya zai sa Baba ya riƙe maganin hawan jini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana zaune a Unguwar Rogo a Jos, ni kuma aiki ya kawo ni Abuja. Shekara biyu ke nan da aka ɗora shi a kan maganin hawan jini mai suna amlodipine, amma da zarar ya ji ciwon kai ya lafa sai ya ajiye maganin. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce za ta riƙa kiransa duk bayan mako biyu. Wannan yana da amfani, ko ɓata kati ne kawai?
Daga wata mai karatu, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Yana da amfani, 'yar'uwa, domin hawan jini ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama, kuma mutum yana iya jin garau alhali awonsa ya haura 140/90, har sai ranar da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ya bayyana.

Sai dai amfanin yana ga irin tambayar da aka yi. Idan aka ce wa dattijon Bahaushe "yaya jiki?", amsar da za a samu ita ce "da sauƙi, alhamdulillahi", ko da kuwa ya yi mako bai taɓa maganin ba. Gara a ce ya ɗauko kwalin ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage, a tambaye shi nawa awon ya nuna, sannan ko ƙafafunsa suna kumbura, tunda amlodipine yakan jawo hakan, kuma mutane da yawa a nan suke daina sha ba tare da sun faɗa wa likita ba.

Ki saya masa na'urar awo ta damtse, ya zauna minti 5 kafin ya auna, a rubuta a littafi. A haɗa shan maganin da sallar asuba don kada ya manta. Ki kuma sa mai girkin gidan cikin maganar, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗunkulen miya ma yana cikin lissafin.

Kada a sauya magani ta waya sai da izinin likitansa. Idan awon ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe, kada a jira kiran kowa, a garzaya da shi asibiti nan take.