Amsar tambayarki kan yadda muke kula da juna a cocinmu na nan

Ƙanwata, na ga saƙonki tun ranar Lahadi, ban so in amsa a gurguje ba ne shi ya sa sai yau. Kin ce wai kin ji mu a nan Ingila in ɗan'uwa ya shiga damuwa ba ma tashi dukanmu mu je masa, sai a tura mutum ɗaya ko biyu, kuma sai an buga waya tukuna, har kike tambaya anya zuciyarmu ba ta yi sanyi kamar ƙasar ba. Abin da kika ji gaskiya ne, haka muke yi, amma bari ki ji yadda aka yi na yarda da tsarin, don nima da farko haushinsa nake ji.

Shekarun baya akwai wata 'yar'uwa da ta shigo zumuntar mata, sabuwar zuwa ce da yara biyu, kullum fes-fes da ita, in kin gaishe ta sai ta ce lafiya lau mun gode Allah. Wata rana a watan Disamba na biya gidanta wajen ƙarfe huɗu na yamma, gari har ya yi duhu kamar yadda yake yi a nan lokacin sanyi, na tarar da ita da yaran a falo kowa sanye da katuwar rigar sanyi ta fita waje, hula a kai, na taɓa hita na ji ta kamar ƙanƙara. Ashe aikinta ya tsaya, kuma irin bizar da take da ita an rubuta ba ta da ikon karɓar tallafin gwamnati, mutanenmu da yawa da suka zo karatu ko aiki haka tasu take. Tausayi ya kama ni sosai, to me na yi? Ranar Lahadi na miƙe a lokacin roƙon addu'a na faɗi sunanta da halin da take ciki gaban kowa. An yi addu'a, an tara gudummawa mai kauri. Ita kuwa daga ranar ba ta sake taka cocin ba har kusan wata uku.

Da na samu ta yarda muka zauna, ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, Mama da kin tambaye ni. Maganar nan har yau tana kunnena. Na ga sanyin ɗakinta amma ban ga kunyarta ba, ban ga tsoron da take ji kada zance ya yi yawo ya taɓa takardunta ko ya koma wa danginta da ke zaton tana cikin daula ba.

Wani dattijon coci ne ya buɗe mini Markus sura 10 bayan abin ya faru. Bartimawas makaho ne, yana bakin hanyar Yariko yana ihu, kowa na ganin abin da ke damunsa, amma duk da haka da aka kawo shi sai da Yesu ya tambaye shi me yake so a yi masa. Kin ga wanda ya san zuciyar kowa ma ya bar mutum ya faɗi bukatarsa da bakinsa. To shi ne tushen kiran wayar nan da kike mamaki. Muna tambaya, in zo? yaushe? kina so fasto ya sani ko ya tsaya tsakaninmu? In ta ce a'a, a'a ɗin ne.

Batun mutum biyu kuma, wani ɓangare doka ce, wanda zai riƙa kula da yara ko tsofaffi marasa ƙarfi da sunan coci sai an yi masa binciken DBS, wato binciken da hukuma ke yi ko mutum ya taɓa aikata laifi, an ga tarihinsa. Amma ko babu doka ni yanzu na fi son haka, mai baƙin ciki a ƙaramin ɗaki ba ya iya buɗe cikinsa gaban mutum ashirin, sai ma ya koma shi ke hidimar baƙi. Kuma muna koya wa masu ziyara su rage wa'azi. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, sai da suka fara bayanin dalilin wahalarsa ne suka ɓata komai. A kabarin Li'azaru ma Yesu ya san zai tashe shi, amma da ya ga Maryamu na kuka sai shi ma ya yi hawaye. Wannan "ki yi haƙuri, nufin Allah ne" da ke saurin fita daga bakinmu, gaskiya ce, amma akwai ranar da ba ita ake bukata ba.

Abin da ya fi cin mutane a nan kaɗaici ne, har a 2018 gwamnatin ƙasar ta naɗa minista a kan matsalar. Tsohuwa sai ta yi sati ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Shi ya sa muka raba sunaye, kowa na da mutanen da yake kira a mako, har da waɗanda ba yarenmu ɗaya ba, don a Ayyukan Manzanni sura 6 matan masu jin Helenanci da mazansu suka mutu ne aka riƙa mantawa da su wajen rabo, sai da aka zaɓi mutum bakwai su tsaya a kai.

Ban ce miki komai namu daidai ne ba, wani lokaci jiran izinin nan kan sa mu makara, mai kunya ya ce lafiya lau mu kuma mu yarda. Wannan yana damuna ƙwarai, shi ya sa ni in na ji muryar ba ta yi mini ba sai in sake kira washegari. 'Yar'uwar nan ta dawo coci, yanzu ma ita ke riƙe da jerin sunayen sababbin zuwa, kuma ba ta rubuta komai a gurup ɗin WhatsApp sai mai abin ya yarda. Ki gaida mutanen gida da 'yan zumunta duka.