Taf ɗin Taransifoma: Wane Gefe Ake Murɗawa?

Ka ce mutanen unguwa na kukan wuta ba ƙarfi, me zai hana a mayar da taf, wato makunnin daidaita ƙarfin wutar taransifoma, lamba 1, tunda ita ce aka rubuta wa adadi mafi girma a farantin da ke jikin taransifoma. To ɗana, da ka yi haka da ka ƙara musu duhu.

Dubi farantin da kyau. Taransifomar 11kV mai fitar da 415V, yawanci taf biyar gare ta: 11,550, 11,275, 11,000, 10,725, sai 10,450. Tsakanin kowace da mai bi mata kashi 2.5 cikin ɗari ne. Waɗannan adadi ba abin da za ta fitar ba ne, abin da take sa ran samu daga babban layi ne. Taf yana kan naɗin wayar da wuta ke shiga, domin can amfiya ba yawa, kuma aikinsa ƙara yawan naɗin ko rage shi. Ka rage naɗi, wutar fita ta hau.

Mu ɗauka unguwar tana can ƙarshen layi, 10,450 kawai ke isowa. A lamba 3 za ka samu wajen 394V tsakanin fes da fes, wato tsakanin biyu daga wayoyin wuta uku da ke fita. Ka kai ta lamba 5, sai ta koma 415. Ka kai ta lamba 1 kuwa, ta faɗo wajen 375, fanka ma da kyar za ta juya.

Amma ni ban cika saurin taɓa taf ba. Wutar da ka auna da magariba, kowa ya kunna kaya, ba ita ce ta ƙarfe uku na dare ba. In layi ya koma 11,000 alhali kana lamba 5, wajen 437V za ta fitar, gidaje su sami 252 maimakon 240. Nan ne ƙwan lantarki da caja ke ƙonewa, talaka ya yi asara. Saboda haka a auna safe, rana da dare kafin a yanke shawara.

Sannan taf ba ya ƙara wa taransifoma ƙarfin ɗaukar kaya. Mai 300kVA amfiya 417 ne iyakarta a kowane fes, ko ina ka murɗa. Sau da yawa matsalar lodi ne aka jibga wa fes ɗaya, ko waya siririya, ko nutural ya saki.

Abin da ba na son ka manta: irin wannan taf ba a murɗa shi da wuta a jiki, kuma sai da izinin kamfanin wuta. A cire lodi, a sauke fis uku na gefen babban layi, a gwada a tabbatar ta mutu, a ɗaura wayar ƙasa. Taf ɗin da ake canzawa da wuta a jiki sai a manyan taransifomomi na tashoshin wuta. In ka murɗa, tabbatar hannun ya zauna daram a raminsa, don in ya tsaya tsakani tartsatsi zai tashi cikin man taransifoma.