Sabar tana karɓar RCPT TO kafin MAIL FROM

Malam, ka ce sabarka ta imel (SMTP) tana karɓar RCPT TO (umarnin da ke faɗin wanda za a kai wa wasiƙa) tun ba a turo MAIL FROM (umarnin da ke faɗin mai aikowa) ba, to ai ba ta riƙe inda hira ta tsaya ne. Kowane mai haɗuwa ka ajiye masa matakinsa, in ya tsallake jerin umarnin ka mayar masa da lambar kuskure 503, umarnin da ba a sani ba kuma 500. Ka sa iyaka ma, RFC 5321 (ƙa'idar SMTP) bayit 512 ta ba layin umarni har da CRLF (alamomin CR da LF da ke rufe layi), kar wani ya cika maka memori. Amma wallahi abin da ya fi damuna LF shi kaɗai ba tare da CR ba, don Allah kar ka ɗauke shi ƙarshen layi, ta nan aka gano a 2023 ana iya cusa wasiƙun bogi.