Kwali ya ce 16GB, wayar kuma 8GB gare ta

Wata ɗaliba daga Zariya: Kwamfutata RAM 4GB gare ta, Ubuntu ke kai. Ina cikin aikin furojet sai manhajar ta rufe kanta, ta bar min kalmar "Killed". Ta lalace ne? Ba ni da kuɗin sabuwa.

Kwantar da hankalinki 'yata, lafiyarta ƙalau. RAM shi ne wurin da manhaja ke zuba kayanta tana cikin aiki, Ubuntu kuma nau'in Linux ne. Linux halin mai biki gare shi: kujera ɗari biyu, kati ɗari biyar, don ya san ba kowa zai zo ba. Manhaja ta roƙi wuri, ya ce an ba ki, amma ba ya ware komai sai ta fara zuba kaya. Ran da kowa ya hallara, mai gadinsa, OOM killer, ya fitar da wanda ya fi cin wuri. Wannan karon aikinki ya kama. Windows ba ya irin wannan alkawari, RAM da pagefile (wurin da yake arowa daga ma'ajiyar kwamfuta) na cika zai ce babu. Ki rage shafukan Chrome, ki ƙara swap, wato irin pagefile na Linux. In akwai ramin ƙari, sayi sandar RAM ɗaya, amma duba DDR3 ce ko DDR4, ba sa shiga ramin juna.

Wani daga Gombe: Wace manhaja zan sauke ta ƙara min RAM?

Babu. Ka taɓa sauke ƙarin ɗaki a gidanku ta intanet?

Wani magidanci daga Maraɗi: Na ga waya mai araha, an rubuta RAM 16GB. In saya?

Malam, juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun. Sau da yawa 8GB+8GB za ka gani. Takwas ɗin farko ne RAM. Na biyun aro ne daga ma'ajiyar da hotunanka ke zaune, kuma ma'ajiya ba ta kama ƙafar RAM a sauri. Ka rasa wurin ajiya, saurin da ka biya wa kuɗi bai zo ba. Android ma daga Linux ya fito, wuri na ƙurewa zai kashe manhajojin baya, shi ya sa kana leƙa WhatsApp ka dawo ka tarar banki ya ce sake shiga. Abin da ke ci min rai, mutum zai tsaya taya buhun shinkafa har rana ta take, amma ya ga lamba ƙatuwa a kwali ya miƙa albashin wata bai ce uffan ba! Ga kuma jabu, waɗanda har cikin saitin ƙarya suke nunawa. Kada ka biya sai an kunna wayar a gabanka, an kashe ƙarin RAM ɗin, ka ga nawa ya rage, sannan ka karɓi rasit.