Filin Iyali: 'Yata Tana Guduna Idan Na Dawo Gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni magidanci ne ɗan shekara 31. Allah Ya azurta mu da 'ya mace guda ɗaya, yanzu watanta 20. Yanayin aikina ya sa nake fita tun tana barci, ba na dawowa sai dare. Abin da ke damuna, da na yi sallama ta ji muryata sai ta ruga ta ƙanƙame ƙafar mamanta. In na miƙa hannu zan ɗauke ta sai ta fashe da kuka kamar ta ga baƙo. Kayan wasa kuwa na sayo ba adadi, karɓa take yi ta koma wajen uwarta da su. Abu ɗaya ne ke zaunar da ita a cinyata, wato in kunna mata bidiyo a waya, da na kashe kuma ta zame ta tafi. Ranar nan raina ya ɓaci har na daka mata tsawa, na kuma ce wa matata ita ta sangarta ta. Na kwana ina nadama. Baba, don su fa nake shan wannan wahala. Yarinyar nan ba ta sona ne, ko ni ne nake kuskure?

Daga uban yarinya

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda ka ce ka kwana kana nadama. Bari in fara cire maka ƙayar da ta fi sukarka. 'Yarka ba ƙinka take yi ba, ba ta gama saninka ba ne, kuma wannan abu ne mai gyaruwa.

Abin da take yi ƙiwuya ce, kusan kowane yaro mai lafiya yana yin ta. Takan fara tsakanin wata 6 zuwa 9, lokacin da jariri ya soma tantance fuskar da ya saba da ita daga wadda bai saba ba. Takan yi tsanani daga wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sannan ta riƙa sassautawa yayin da yaro ke dosar shekara uku. Ga shi kuma kai da dare kake shigowa, lokacin da ta gaji, barci na fizgarta, ba abin da take so sai jikin da ta wuni a kai. Kai ka wuni da ita a zuciyarka, amma 'yar wata 20 ba ta san kuɗin haya ba, ba ta san don wa ake sammako ba. Wanda ta sani shi ne wanda in ta yi kuka yake zuwa, in ta nuna abu da yatsa yake waiwayawa ya duba.

Kada ka ce to ai shi ke nan, tunda ba ka da lokaci. A 1964 wasu masana halayyar yara biyu, Rudolph Schaffer da Peggy Emerson, sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan jarirai 60 a birnin Gilasgo na Birtaniya. Wata-wata suke ziyartar yaran a gidajensu cikin shekarar farko, suka sake komawa da suka cika wata 18. Sun tarar yawancinsu a lokacin sun shaƙu da mutum fiye da ɗaya, kuma bayan uwa, uba ne a kan gaba. Sun kuma ga cewa shaƙuwar ba lallai ta bi wanda ya fi ciyar da yaro ko ya fi daɗewa tare da shi ba. Ta fi bin wanda ke lura da shi, yana amsa masa, yana wasa da shi. Wannan ƙofa ce a buɗe gare ka ko da minti 20 kake da su a rana.

Ni ma na ɗanɗana abin da kake ji. Babban ɗana yana kamar sa'ar 'yarka, in na shigo bayan ƙyaure yake ɓuya, sai dai in hango 'yan yatsun ƙafarsa ta ƙasa. Na yi fushi kamar yadda ka yi, na ɗora wa mahaifiyarsa laifi kamar yadda ka ɗora, kuma har yau ina jin nauyin maganar da na faɗa mata a daren. Ana nan sai zazzaɓi ya kwantar da ita na kwanaki, wankan yaro ya dawo hannuna. Daren farko ya yi ta tsala ihu, sabulu ya shigar masa ido, ni da shi duk muka jiƙe sharkaf. Dare na biyu sai na fara zuba ruwan a bayan hannuna yana kallo, sannan na zuba a nasa. Ya yi tsit yana bin ɗigon ruwan da ido har gwiwar hannu. Dare na huɗu ya fizge kofin, ya ɗebo ruwa ya kwara min a ƙafa, ya ɗago kai yana jiran ya ga abin da zan yi. Na ce, "Wayyo, sanyi!" Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kuma." Mun maimaita ya fi sau goma. Bayan mahaifiyarsa ta warware, na dawo wani dare sai ga shi yana jan tawul a ƙasa, ya kawo ya ajiye a gabana. Daga ranar wanka ya zama nawa har ya iya yi da kansa.

Don haka ka nemi aiki guda ɗaya na hidimarta ya zama naka kai kaɗai, kullum, a lokaci ɗaya. Wanka ne, ko goge haƙori, ko sa kayan barci, ko kwantar da ita da 'yar waƙa. Maimaituwar ce ke aiki, domin ƙaramin yaro da abin da ya saba yake samun natsuwa. Hidima ta fi tsaraba a nan, saboda tsaraba miƙawa ake yi a gama, hidima kuwa tana haɗa hannu da ido da murya. In dawowarka na kaiwa can cikin dare, kada a hana ta barci don ta jira ka. Yaro mai shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana. Sai ka mayar da rabonka ranar hutunka, ko safiyar da ta riga ka tashi.

Shigowarka ma ka sauya mata salo. Kada ka nufe ta hannu a miƙe. Ka gaisa da mamanta da sakin fuska tana kallo, domin yara daga wajen shekara ɗaya fuskar uwa suke dubawa su gane ko wanda ya shigo abin yarda ne. Sannan ka zauna a ƙasa tsawonku ya zo ɗaya, ka ɗauki ɗaya daga cikin kayan wasan nan ka shiga wasanka kai kaɗai. Za ta leƙo. Wata rana za ta matso ta ƙwace ta gudu, ka ƙyale ta. Wata rana za ta ƙwace ta tsaya.

Wayar kuwa ina roƙonka ka ajiye ta. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ba a so yaron da bai kai shekara biyu ba ya zauna kallon waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Amma ko ba don wannan ba, ka duba abin da ke faruwa. Tana cinyarka, idonta da hankalinta suna wani wuri, shi ya sa da ka kashe take tafiya. Magana kuma a bakin mutum yaro ke koyonta, ya ce "ba", ka ce "na'am, Baba ne", ya ƙara, ka ƙara. Kwanakin farko za ta yi rigima in ta nemi waya ba ta samu ba. Ka daure.

Saura matarka. Ka ba ta haƙuri yau, kada ka bari sai gobe. Matar da ta wuni da yarinya a jiki, ko ban ɗaki ba ta shiga cikin kwanciyar hankali, ba ta cancanci a ce ta sangarta 'ya ba. Kuma sai da hannunta za ka ci nasara: ku shirya, in ka fara wankan ta fita daga wurin, kada ta rugo ta karɓe ta a kukan farko. In ka ji ranka ya soma tafasa, ka ajiye yarinyar a wuri mai aminci ka fita ka sha iska. Kada ka taɓa jijjiga yaro cikin fushi, domin hakan na iya yi wa ƙwaƙwalwarsa lahanin da ba ya gyaruwa. Ka tuna Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, shi kuma ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Manzo ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba.

Abu ɗaya zan so ku sa wa ido. In ko mamanta ba ta haɗa ido da ita, ko ba ta waiwayowa in an kira sunanta, ba ta nuna abu da yatsa, ba ta faɗin ko kalma ɗaya, ko ta daina abin da ta riga ta iya, ku kai ta wajen likitan yara a duba, har da jinta. In ba haka ba, ka fara wankan nan gobe, ka ba shi sati uku.

TAMBAYA

Baba, ɗana shekararsa biyu da rabi. In aka hana shi abu sai ya faɗi ƙasa yana birgima da ihu. Babansa yakan zane shi, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In na yi magana ya ce ni ke ɓata shi. Yaya zan yi?

Daga wata uwa

AMSA

'Yata, karin maganar gaskiya ce, amma mai tanƙwara ɗanyen icce a hankali yake bin sa, in ya yi da ƙarfi tsagewa yake yi. Birgimar nan ba rashin kunya ba ce. Daga shekara ɗaya da rabi zuwa uku yaro yana son abubuwa da yawa, kalmominsa kaɗan ne, kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke danne fushi bai nuna ba, ba ya ma gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Yunwa da gajiya ne ke kunna yawancin rigimar. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta yi nazarin binciken da aka tara, ta fitar da matsaya a 2018 cewa duka ba ya gyara ɗabi'ar yaro in an yi nisa, yana ma ƙara masa faɗa da saurin hannu.

In ya faɗi, ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki zauna kusa, ki ce, "Ka ji haushi, na sani, amma ba zan ba ka wuƙa ba." Kada ki ba shi abin don ya yi shiru, in kin bayar gobe ihun zai fi na yau. In ya huce ki rungume shi. Maigidan kuma kada ki ƙalubalance shi a gaban yaron ko yana cikin fushi. Ki bari sai dare ya yi, an natsu, ki fara da cewa kin san so yake ɗansa ya tashi da tarbiyya, sannan ki roƙe shi ku gwada wannan hanyar tare na wata ɗaya. In kuwa dukan yana barin shaida a jikin yaron, kada ki rufe. Ki kai shi asibiti a duba shi, ki kuma sanar da babban da maigidan ke jin maganarsa tun a makon nan.