Ɗan uwa na Kano, ga yadda muke yi a nan Sudan

Malam ka tambaya wai mu Hausawan Sudan in ta ƙure wa mutum wa yake kai wa kuka, tunda ba wani babban ɗan siyasa da za a je ƙofar gidansa a yi layi. To mu nan maƙwabci ake fara nema tun kafin dangi ma.

Kaga kakanninmu ƙafa ce ta kawo su, wasu hanyar Makka ta riƙe su, wasu kuma bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903 suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin Nilu, garin da suka zauna ma sunansa yake amsawa har yau kusa da Sinnar. Mutum ya iso ba gona ba dangi, sai wanda ya riga shi zuwa ya sauke shi a zaure ya nuna masa inda ake cirar auduga a yankin Jazira, kuma wlh ɗabi'ar nan bata bar mu ba.

Je ka gidan rasuwa ka gani. Kafin a dawo daga maƙabarta samari sun kafa rumfa a layi, gidan mamaci ba a ɗora tukunya, lokacin cin abinci kawai zaka ga yara suna fitowa daga kowane gida da tire a ka. A gefe kuma akwai wani zaune da littafi da biro, kashif muke ce wa littafin, kowa yazo ya miƙa abinda ya sawwaƙa a rubuta sunansa da adadin. Nasan zaka ce ai wannan riya ce, a'a, ba shela ake yi ba, ajiye littafin ake yi, ranar da taka ta same ka mutanen gidan su buɗe su duba su zo maka da nasu. Shi yasa karɓa bata da nauyi a wajenmu, ba sunkuyar da kai ba doguwar godiya, kowa yasan zagayowa take. Wanda ake jin haushi ma shine mai cewa a barshi ya wadata, sai ace wane yana so ya cire kansa daga cikin mutane.

Amma fa kar in yi maka daɗin baki, abin yana matse mai ƙaramin ƙarfi, wata ɗaya a haɗa maka biki biyu da rasuwa da suna, mutum yaje ya ciyo bashi don kar a ga babu sunansa, ni wannan ɓangaren bai taɓa kwanta min ba.

Gayya tana nan, nafir ake ce mata, ko girbin dawa ko ɗora rufin ɗaki, mata kuma da adashinsu.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya hargitsa komai, da birnin Madani ya faɗi a Disamba mutane suka watsu Gadarif da Kasala, gida ɗaya ya ɗauki iyali uku huɗu kuma ba wanda ya rubuta komai. Sai tukunyar unguwa da ake kira takiyya, kowa yazo da kwanonsa, ƴan uwa na Saudiyya suna turo kuɗi ta manhajar banki ta Bankak, mai shagon da zai baka tsaba kuma sai ya yanki nasa kaso tukuna.