Filin Tambayoyinku: Jakar goyo mai lita nawa ta dace da tattakin yini ɗaya?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato jakar goyo ta masu fita tattaki a daji ko hawan dutse su dawo a ranar, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara. Ni da abokaina mun fara fita tattaki ranakun hutu, muna fita da sassafe mu hau tsauni mu sauko kafin duhu. Ina so in sayi jakar goyo amma duk wadda na duba a intanet sai in ga an rubuta lita 12, lita 22, lita 35, har kaina ya ɗaure. Wacce zan ɗauka? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Litar nan da kake gani cikin jakar ake nufi, wato yawan kayan da zata iya ci, ba nauyin da zata ɗauka ba, ba kuma tsawonta a bayanka ba. Yawancin kamfanoni ma a ƙarshen sunan jakar suke liƙa lambar, misali in ka ga Talon 22 ta kamfanin Osprey to cikinta lita 22 ne ko kusa da haka.

In amsar kai tsaye kake so, irin wannan fitar taku ta safe zuwa yamma ka nemi tsakanin lita 20 zuwa 30, kuma ni in ka bi ta tawa ka tsaya wajen 22 zuwa 26. Mai lita 10 zuwa 15 ta ɗan zagayen awa biyu ko uku ce a hanyar da ka sani kuma gari lafiya lau, ruwa da ɗan abin taɓawa da waya shikenan ta cika. Daga 30 zuwa 40 kuwa ta wanda zai shiga sanyi mai tsanani ce da riguna masu kauri, ko mai ɗaukar kyamara da tarkacenta, ko wanda yake ɗaukar kayan wasu.

Amma abin da nafi so ka riƙe shi ne kar ka fara da jaka, fara da kayan. Ka zube duk abin da zaka tafi da shi a ƙasa tukuna ka gani da idonka. Akwai wata ƙungiyar masu hawan dutse a Amurka mai suna The Mountaineers, tun a shekarun 1930 take koya wa masu shigowa sabbi jerin abubuwa goma da bai kamata a shiga daji babu su ba, kuma har yau shi masu tattaki ke bi, an dai ɗan gyara shi: taswira da kamfas mai nuna gabas da yamma, tocila, abin kare rana kamar hula da tabarau, kayan taimakon gaggawa irin su bandeji da filasta, wuƙa, ashana ko laita, abin fakewa ko da bargon gaggawa ne ɗan siriri mai ƙyalli ɗin nan, sai ƙarin abinci da ƙarin ruwa da ƙarin tufa a kan wanda kake zaton zai ishe ka. Mutane da yawa suna raina ƙarin tufar nan tunda suna ganin ai da rana zasu dawo, alhali duk mita 1000 da ka hau sama zafin gari yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a ma'aunin Celsius, ga iska a saman tsauni, ga rigarka ta jiƙe da gumi, wallahi in ka zauna hutawa sai ka ji sanyi har cikin ƙashi ko da a ƙasa rana na ƙuna. Kuma in ɗayanku ya gurɗe ƙafa tafiyar awa shida tana iya komawa ta awa goma, nan ne tocila da rigar sanyi zasu yi maka rana. Jakar da ba zata ci waɗannan ba ta yi maka kaɗan, komin kyanta.

Ruwa shi ne babban mai cin wuri da nauyi. Lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne cif, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kusan rabin lita a kowace awa ta tafiya in gari ba zafi sosai, in ana zafi ko hanyar hawa ce zalla har lita guda a awa mutum yana iya sha. Kaga tafiyar awa shida lita 3 kenan mafi ƙanƙanta, kilo 3 tun kafin ka saka komai.

To yanzu ga yadda zaka san litarka ba tare da ka yi canke ba. Ka samo kwali, ka shirya kayan nan duka a ciki ka ɗan danna su kamar yadda zaka danna a jaka, sai ka auna tsawon kwalin da faɗinsa da kuma inda kayan suka kai a tudu, duk da santimita, ka ninka ukun da juna ka raba da 1000. Misali 30 sau 25 sau 30 zai baka 22,500, in ka raba da 1000 lita 22 da rabi kenan. Sai ka ƙara lita biyu ko uku don rigar da zaka cire in jiki ya ɗau zafi, kaga mai 25 ce taka. Ka dai lura da abu ɗaya, kamfanoni ba awonsu ɗaya ba, wani yana lissafawa har da aljihunan gefe da na sama, wani babban cikin kawai yake ƙirgawa, shi ya sa zaka ga jaka biyu duk an rubuta 24 amma ɗaya ta fi ɗaya ci. Wadda bayanta ke da raga a miƙe don iska ta riƙa ratsawa ma cikinta a lanƙwashe yake, tana rage gumi sosai amma shirya kaya a cikinta ya fi wuya.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni mace ce kuma gajeriya, jakata lita 24 ce kuma bana cika ta, amma duk ranar da na fita tattaki sai na dawo da ciwon kafaɗa da wuya kwana biyu ina fama. Ko girman ne ya yi min yawa in nemi mai lita 15? Daga wata 'yar'uwarku mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya sawwaƙe. Ina kyautata zaton ba litar ce matsalarki ba, tsawon bayan jakar ne bai zo daidai da naki ba, kuma wannan shi ne awo na biyu da galibin masu saye basa ma sanin akwai shi. Jakar goyo kamar takalmi take, tana da lambar jiki, kuma lambar ba daga tsayin mutum ake ɗaukarta ba, daga tsawon gadon bayansa ne, don sai ki ga mutum biyu tsayinsu ɗaya amma ɗaya ƙafafunsa ne dogaye ɗayan kuma bayansa.

Ki samu tef ɗin tela da wata ta taimaka miki. Ki sunkuyar da kai ƙasa, ki shafa bayan wuyanki zaki ji wani ƙashi ya turo inda wuya ya haɗu da kafaɗa, daga nan awon yake farawa. Sannan ki riƙe ƙugu da hannu biyu a saman ƙasusuwan gefen nan, manyan yatsunki suna kallon juna ta baya, layin da ke tsakaninsu nan ne ƙarshen awon. Ki miƙe tsaye sosai a auna tsakanin wuraren biyu. A jakunkuna da yawa wajen santimita 40 zuwa 44 shi ne ƙarami, 45 zuwa 49 matsakaici, daga 50 zuwa sama babba, amma kowane kamfani da jadawalinsa don haka nasu zaki duba. Akwai kuma waɗanda ake iya matsar da maɗaurin kafaɗarsu sama ko ƙasa, in taki irinsu ce wataƙila gyara kawai take buƙata ba sai kin sake saye ba.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan shi ne bel ɗin ƙugu. Jaka mai kyau ba a kafaɗa nauyinta yake zama ba, mafi yawansa ƙugu ne ke ɗauka ya sauke wa ƙafafu, kafaɗa aikinta kawai ta riƙe jakar kar ta faɗi baya. In jakar ta fi bayanki tsawo to ɗayan biyu ne, ko bel ɗin ya zauna daidai igiyoyin kafaɗa su tashi sama su bar rata jakar ta riƙa rinjayarki baya, ko ki ja igiyoyin su kama kafaɗa shi kuma bel ɗin ya zame ƙasa ya daina aiki, duk nauyin ya dawo wuyanki, ciwon da kike ji kenan. Kuma ki duba bel ɗin kansa, in 'yar siririyar igiya ce mara soso irin wadda ake sa wa ƙananan jakunkuna to ba ta ɗaukar nauyi, hana jaka lilo kawai take yi. Shi ya sa komawa mai lita 15 zai iya ƙara miki ciwon ma in kayanki suna nan yadda suke.

In zaki goya ta ki sassauta komai tukuna, ki fara ɗaure bel a saman ƙashin ƙugu, sannan ki ja na kafaɗa har su kwanta ba tare da sun matse ba, in akwai wasu 'yan ƙananan igiyoyi a saman kafaɗa ki ja su kaɗan su janyo kan jakar kusa da ke, na ƙirji shi ne ƙarshe kuma kar ya hana ki numfashi. Kaya masu nauyi kamar ruwa su zauna jikin bayanki a tsakiya, marasa nauyi a ƙasa da waje. Nauyin duka kuma ki yi ƙoƙari kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinki, mai kilo 60 kenan kilo 6. Akwai jakunkunan da aka ɗinka musamman don mata, bayansu ya fi gajarta, igiyar kafaɗa a lanƙwashe don kar ta danne ƙirji, bel ɗin ma an karkata shi ya bi siffar ƙugu, ki gwada su amma ba dole ba ne, wadda ta zauna miki ita ce taki. In kin gyara duk wannan ciwon bai tafi ba ko kina jin hannu yana mutuwa, dan Allah ki je likita ya duba ki.

Tambaya: Malam ni ina ganin me zai hana in sayi babba mai lita 50 ko 60 gaba ɗaya in huta, in tafiyar yini ce in zuba kaya kaɗan, in ta kwana ce in cika ta? Daga wani magidanci.

Amsa: Yallaɓai na fahimci lissafinka kuma ba ƙarya ka yi ba ta fuskar tattali, amma ni gaskiya ban goyi baya ba. Babbar jaka tun tana wofi ta kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu saboda ƙarfen bayanta da kaurin bel, ita kuwa ta yini ɗaya galibi kilo ɗaya ne ko ƙasa da haka. Sannan kaya kaɗan a babbar jaka basa zama wuri guda, sai su taru a gindi suna kai da kawo, kana gangarowa daga dutse ka taka nan su rinjaye ka can, wannan hatsari ne na gaske a wuri mai santsi. Ga kuma halin ɗan Adam, in ya ga wuri sai ya cika shi, ka ɗauki abin da har ka dawo baka taɓa ba. In lallai guda ɗaya kake so ta yi maka aiki biyu, ka nemi mai 35 zuwa 40 wadda take da igiyoyin matsewa a gefe, ka tsuke ta ranar tafiyar yini, ka sake ta ranar da zaka kwana ɗaya da kaya marasa yawa. In kuwa kwanaki kake nufi da tanti da jakar barci da abin girki, wannan jaka daban take buƙata.

Tambaya: Ina fita da yarana biyu, ɗan shekara 6 da 'yar shekara 9, wacce ta dace da mu? Daga wani uba.

Amsa: Madalla da wannan tarbiyya Malam. Kai ka nemi mai 30 zuwa 35 tunda ruwansu da rigunansu rabi a bayanka zasu ƙare. Su kuma kowa ya samu 'yar ƙaramarsa mai lita 8 zuwa 12, a saka masa gorar ruwa ƙarama da rigar sanyi da usur don in ya ɓace wa ganinka ya busa. Ƙa'idar kashi 10 ɗin nan ta fi ƙarfi a kan yara, yaro mai kilo 20 kar kayansa su wuce kilo 2, kuma kar ka sayo babba wai zai girma ya cike ta, bayansa na yau za a auna.

Tambaya: Malam ni fa bani da halin sayen sabuwa yanzu, jakar makarantata zata yi? Daga wani matashi.

Amsa: Zata yi mana ƙanina, kar rashin jaka ya zaunar da kai a gida. Yawancin jakunkunan makaranta ma lita 20 zuwa 30 ɗin ne, abin da suka rasa bel ne da bayan da ke shan iska, don haka ka fara da gajerun tafiye-tafiye na awa biyu zuwa huɗu, ka rage nauyi, ka ja igiyoyin ta hau sama ta manne da bayanka maimakon ta riƙa reto a kan kwankwaso. Ka duba ɗinkin igiyar kafaɗa da zif kafin ka fita don nan suke fara mutuwa. Kuma ka shimfiɗa babbar leda mai kauri a ciki ka zuba kayanka ka murɗe bakinta, don ko jakunkunan tattaki na asali mafi yawansu ruwan sama yana shiga ta zif da wajen ɗinki. Ranar da ka tashi sayen ta tattakin, ka tafi da kayanka a hannu ka zuba su a ciki, ka goya ka yi ta zagaye na minti goma ko sha biyar, ka hau matakala ka sauko in akwai, ka sunkuya ka ɗaga kai ka ji ko tana bugun ƙeyarka, sannan ka yanke shawara.